Daga turken doki zuwa garejin mota: masaukin baƙo da abin hawansa a ƙasar Damagaram

Kowace shekara, idan damina ta ja baya, makarantu suka shirya komawa a watan Oktoba, takardun canjin wurin aiki sukan watsa malamai cikin garuruwan jihohin Damagaram da Maraɗi da Tawa. Wanda aka tura Mirriya ko Matamai ko Magarya ko Tanut, tun kafin ya san ajin da zai riƙe, tambayoyi biyu ne ke gabansa: ina zai kwana, ina kuma babur ɗinsa zai kwana. Ta farko takan samu amsa cikin ƴan kwanaki, ko da ɗaki guda ne a gidan wani dattijo. Ta biyu ita ce mai wuyar sha'ani, domin a ƙaramin gari gidan haya mai farfajiya da ƙofar da abin hawa zai shiga ba ya kwana biyu babu kowa a ciki. Mutane da dama na ɗaukar wannan a matsayin matsalar zamani, wadda mota da babur suka zo da ita. Alhali tambayar tsohuwa ce ƙwarai, kuma garuruwanmu sun taɓa ba ta amsa mai tsari, har ma sun gina unguwanni sukutum a kanta.

Birnin Damagaram shi ne misali mafi bayyana. Duk wanda ya san garin ya san cewa tun ƙarni na 19 gari biyu ne a haɗe. Akwai Birni, inda fada take, wanda Sarki Tanimun ɗan Sulaiman ya kewaye da ganuwa mai tsayi a tsakiyar ƙarnin. Akwai kuma Zango, can arewa da ganuwa, wanda sunansa kaɗai ya isa ya faɗi aikinsa: wurin da ayari ke sauke kaya ya huta. A nan Abzinawa masu ayarin gishiri ke sauka da kantu da dabino daga Bilma da Fashi, a nan kuma fataken da ke hulɗa da Larabawan Gadamas da Tarabulus ke ɗaure kayan da za su keta hamada, wato fatu jemammu da gashin jimina da hauren giwa, har da bayi, abin da bai kamata mu ɓoye ba. Dalilin ware Zango daga Birni ba tsaro ne kaɗai ba. Raƙumi ɗari ba sa shiga lungu. Suna bukatar fili da rijiya da wurin kiwo, kuma garin da ke son ribar ayari tilas ya tanadi wurin da dabbobin ayarin za su durƙusa.

Yadda aka raba nauyin nan abin lura ne. Raƙuman ayari ba su daɗewa a bakin gari. Da an sauke kaya sai a kora su gonaki, inda bayan girbi akwai kara da harawa, manoma kuma suna maraba da su saboda takin da suke bari. Manomi ya samu taki, mai raƙumi ya samu abincin dabbarsa, babu wanda ya ji an cuce shi. Jakuna da takarkarai na fataken kudu, masu zuwa da goro da tufafin Kano, su kuma ana turke su kusa da masauki. Doki kuwa, da yake abin hawan manya ne, cikin gida yake kwana.

A nan ne tsarin gidan Bahaushe yake shigowa. Mai shiga gidan mai hali yakan fara da zaure, daga nan ya faɗa ƙofar gida, wato filin da ke tsakanin zaure da shigifa, sannan cikin gida inda iyali suke, wanda baƙo namiji ba ya takawa. Wannan fili na tsakiya shi ne wurin samarin gida da baƙi, a nan ɗakunansu suke, a nan kuma ake kafa turke. Ashe ke nan magina na da, tun wajen aza harsashi, sun haɗa baƙo da abin hawansa a sashe guda, suka kuma raba su da iyali da bango biyu. Baƙo yana kwance yana jin motsin dokinsa, matan gida kuma ba su takura ba. A fada abin ya wuce haka, don har sarauta aka yi ta mai kula da barga, wato Shamaki, kuma a masarauta irin Damagaram, wadda ƙarfinta na yaƙi ya dogara ƙwarai ga mahaya dawaki, wannan ba ƙaramin muƙami ba ne.

Turawan da suka ratsa garin sun shiga cikin wannan tsari kamar kowane baƙo. James Richardson, ɗan Ingila, ya iso tare da ayarin Abzinawa a watan Janairu na 1851, zamanin Sarki Ibrahim, aka ba shi masauki, ana aiko masa da abinci, kafin ya kama hanyar Barno inda ya rasu a watan Maris na shekarar, bai kai Kukawa ba. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya sauka a garin a ƙarshen Disamba na 1852, ya yi fiye da wata guda yana jiran saƙon guzuri daga arewa, sannan ya nufi Katsina. A ƙarshen ƙarnin kuma sunan Malam Yaro, babban attajirin Zango, ya cika rubuce-rubucen Faransawan da suka fara zuwa, domin irinsa ne ke da gidaje da rumbuna da yaran da za su iya ɗaukar nauyin babban ayari.

Sai dai kada mai karatu ya zaci sadaka ce. Hausawa na cewa baƙonka annabinka, amma mai saukar da fatake, wanda ake kira fatoma ko maigida, sana'a yake yi. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki. Yana ba falke wurin kwana da abinci da ɗakin ajiyar kaya da turken dabba, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an sayi kayansa bashi, ya kai shi gaban hukuma idan rigima ta taso. Ribarsa tana fitowa daga la'adar cinikin. Ɗawainiyar ɗebo ruwa da yankan ciyawa kuwa, a gidaje da yawa bayi da barori ne ke yin ta, wannan ma wani ɓangare ne na labarin. Abin da ya sa tsarin ya yi ƙarko shi ne, amfanin maigida da na baƙo sun zama ɗaya: idan jakin falke ya ɓace a gidanka, labari zai riga ka zuwa zango na gaba, baɗi kuma ayari zai sauka gidan wani. Malaman fiƙihu ma sun bambanta haya da ajiya, kowace da hukuncinta, kamar yadda ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya sani. Maigidan fatake ya haɗa biyun a wuyansa, sunansa ne jinginar da ya bayar.

Wannan tsari Hausawa suka ɗauka suka kai duk inda fatauci ya kai su, shi ya sa har yau ake samun unguwa mai suna zango a Kumasi da Akara da Lome. Polly Hill ta yi nazarinsa a kasuwar Kumasi, ta wallafa a 1966. Abner Cohen kuma ya bayyana yadda masu gidajen unguwar Sabo ta Ibadan ke riƙe cinikin shanu da goro, a littafinsa na 1969. Game da yankinmu kuwa, aikin André Salifou kan Damagaram a ƙarni na 19, wanda ya fito a 1971, da na Stephen Baier kan tattalin arzikin tsakiyar Nijar, na 1980, su ne madogarar mai son zurfafawa.

Faransawa sun kama garin a 1899, bayan kisan Kyaftin Cazemajou a 1898 da yaƙin Tirmini. Amma shekarar da ta fi girgiza Zango ita ce 1911. A cikinta ne layin dogo ya iso Kano, a cikinta ne Italiya ta auka wa Tarabulus, a cikinta ne kuma aka mai da Damagaram babban birnin yankin soja na Nijar. Abu na farko da na biyu sun karya fataucin hamada: kayan da raƙumi ke ɗauka watanni kafin ya kai bakin teku, jirgin ƙasa na kai su cikin kwanaki. Tawayen Kawsan a Abzin, a 1916 da 1917, da kwashe raƙuma da sojan mulkin mallaka suka yi, sun ƙara gurgunta masu ayari. Ayarin gishiri bai mutu ba, har yanzu yana zuwa, amma ya daina zama ginshiƙin arzikin gari.

Abu na uku shi ya kawo sabon irin baƙo. Tsakanin Birni da Zango aka shata sabon gari mai miƙaƙƙun tituna, da bariki da ofisoshi da kantunan kamfanoni irin su CFAO da SCOA. Masu aiki a cikinsu, akawu da tafinta da malamin asibiti da malamin lakwal, da yawansu daga Dahome da Senegal da Sudan ta Faransa suka zo. Wannan baƙo ba shi da kayan sayarwa, saboda haka babu la'adar da maigida zai ci a kansa. Ba kwana arba'in zai yi ya wuce ba, shekaru zai yi. Abin da yake da shi albashi ne na wata-wata, da tsabar kuɗin Faransa, a daidai lokacin da haraji ya sa kowa neman tsabar kuɗi. Daga nan ɗaki ya zama abin da ake biya duk ƙarshen wata. Mai gida ya ba da ɗaki, ya karɓi kuɗi, hulɗa ta tsaya a nan. Babu wanda ya zauna ya yanke shawarar cire turke daga cikin yarjejeniyar. Sabon baƙon ne bai zo da dabba ba, in ya yi ƙoƙari keke yake da shi, keke kuwa jingine shi ake yi a bango.

Mota ta shigo a hankali. A ƙarshen 1924 ayarin motoci 8 na kamfanin Citroën, da ya keto hamada daga Aljeriya, ya ratsa Yamai da Tasawa da Damagaram ya nufi Tafkin Cadi, jama'a suka fito kallo. Shekara biyu bayan haka, a 1926, aka mayar da babban birni Yamai, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar. Abin da ya zaunar da mota a ƙasar nan shi ne gyaɗa. Manyan motoci suka riƙa kwasarta zuwa tashar jirgin Kano, suka gaji hanyar jakuna da raƙuma. Tasha ta gaji zango, ɗan kamasho ya gaji wani sashe na aikin dillali, yaron mota yana kwana ƙarƙashin motarsa kamar yadda ɗan ayari ke kwana gefen raƙuminsa. A fagen kasuwanci, ke nan, tsohon tsari ya sake kama, ya ci gaba. A fagen gidan zama ne aka samu giɓi.

Zaure an gina shi ne daidai faɗin doki da mahayinsa ya sauka ya ja linzami. Ƙofarsa ta waje da ta ciki ba sa fuskantar juna, don kada mai wucewa ya hango cikin gida. Wannan hikima, da ta kare mutuncin iyali shekaru aru-aru, ita ce ta hana mota shiga. Lungunan Birni ma haka. Maraɗi ta samu wata dama da Damagaram ba ta samu ba, ko da yake ta hanyar masifa: ambaliyar Gulbi ta 1945 ta rushe tsohon garin da ke cikin fadama, aka sake gina shi a kan tudu da tituna masu faɗi a jere. Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta tarihinsu a 1986, sun samu gari da babbar mota ke iya tsayawa a ƙofar gidan mai ita.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, ma'aikacin gwamnati bai ji zafin abin sosai ba da farko. Ma'aikata kaɗan ne, manyansu na da gidajen gwamnati, makarantu da yawa an gina su da gidan darekta a cikin harabarsu. Malamin da aka tura ƙauye kuma maigari ne ke saukar da shi, a ba shi ɗaki ko a yi masa bukka, ba a maganar kuɗi, al'adar da har yau ba ta ɓace ba a ƙauyuka da dama. Abubuwa sun sauya ne da yawan jama'a ya hauhawa. Birnin Damagaram, mai mutum kimanin dubu 120 a ƙidayar 1988, ya kai kimanin dubu 170 a 2001, ya wuce dubu 230 a 2012. Rabon gado ya yanyanka manyan gidaje, kowane magaji ya ja bango. Filin ƙofar gida, da yake shi ne sashen da babu gini a kansa, shi aka fara cinyewa: inda turke yake aka jera ɗakunan haya, ciki ɗaya ko ciki da falo, ƙofa na kallon ƙofa, famfo ɗaya, makewayi ɗaya. Ta fuskar lissafi mai gida bai yi kuskure ba. Ɗaki yana kawo kuɗi duk wata, fili kuwa ba ya kawo ko dala.

A daidai lokacin da filin ke ƙarewa ne abin hawa ya yawaita. Tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a tashar ruwan Kwatano sun sa ƙaramin ɗan kasuwa da matsakaicin ma'aikaci sun iya mallakar mota. Sana'ar kabu-kabu ta tsallako daga Najeriya. Daga shekarun 2000 kuma baburan ƙasar Sin masu rahusa suka cika kasuwa, man ruwa-ruwa na kwalba yana kowace kwana. Ga malamin makaranta babur ba ado ba ne: da shi yake zuwa makarantar da ke nesa da gari, da shi yake zuwa karɓar albashi, sau da yawa kuma shi ne kadara mafi tsada da ya mallaka, wadda ya biya da adashi ko da bashi. Masu neman ɗaki su ma suka ninka. Tsarin malaman sa-kai da aka fara a 1998, wanda ya rikiɗe ya zama na ƴan kwantaragi, ya tura dubban matasa garuruwan da ba su da kowa, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya kafa ofisoshin magajin gari a wuraren da da can ba su da ma'aikaci ko ɗaya. Yunwar 2005 ta kawo ƙungiyoyin agaji jihohin Maraɗi da Damagaram da manyan motocinsu, kuma ƴan gidajen siminti masu katanga da gareji su suka fara kamawa, da farashin da malami ba zai iya tunkara ba.

Ƙaramin gari shi ya fi shan wahalar wannan sauyi, a ganina, saboda ya faɗa tsakanin tsari biyu. Ya fi ƙarfin a ce maigari zai saukar da kowane baƙo, bai kuma kai girman da mai kuɗi zai gina gidaje musamman don haya ba. Gidajen da ake samu galibi na ɗan gari ne da ke aiki a Yamai ko yake ci-rani, ya bar makulli hannun ƙanensa, kuma ranar da ya tashi aurar da ɗa, ɗan haya zai tattara. Babu allon talla, babu ofishin dillancin gidaje. Ana samun gida ta bakin abokin aikin da aka canza wa wuri, wanda ke miƙa wa magajinsa aji da makulli a rana ɗaya, ko ta hannun mai unguwa, ko shugaban ƙungiyar iyayen yara, ko wani dillalin kasuwa da ya haɗa da wannan. Ko da yake ƙasa na da dokar da ta tsara hulɗar mai gida da ɗan haya tun watan Afrilu na 1996, a irin waɗannan garuruwa da baki ake ƙulla yawancin haya, gaban shaida ɗaya ko biyu. Tuzuru kuma yana da ƙarin cikas, don mai iyali ba ya son sa shi cikin gida. Malama mace da ta zo ita kaɗai, tata wahalar ta fi haka. Duk wanda ya samu mai tsaya masa, ya ce wannan baƙona ne, shi ke samun gida mai kyau. A nan kaɗai ake ganin ragowar inuwar fatoma.

Abin hawa kuwa kowa da dabararsa. Mai babur yakan sa a yi masa ɗan gangaren siminti a bakin ƙofa, da dare ya tura shi cikin ɗakin da yake kwana, ya kwana da warin mai, wani lokaci kusa da kurfoti ko fitila, haɗarin da kowa ya sani. Wani ya roƙi alfarmar zauren maƙwabci. Mai mota yakan kai ta tasha ko gidan mai ko harabar ofis, ya riƙa ba maigadi wani abu duk wata, ya tako gida da ƙafa. Harabar makaranta ma ta zama barga a garuruwa da yawa, ba tare da wani ya rubuta hakan a takarda ba. Idan aka wayi gari babur ya ɓace a farfajiyar gidan haya, amsar mai gida sananniya ce: ɗaki na ba ka haya. Ta fuskar yarjejeniya gaskiyarsa ce. Fatoman Zango dai ba zai iya furta wannan magana ba ya sake ganin ayari a ƙofarsa.

Akwai wani ɓangare da ya shafi ƙungiyoyin raya al'adu kai tsaye. Magajin tsohon gida a Birni ko a Zango, idan ya sayi mota, ko yana son gidansa ya samu ɗan haya mai mota, hanya ɗaya ce gare shi: ya rushe zaure, ya kafa ƙofar ƙarfe mai ganye biyu. Zaure kuwa shi ne fuskar gida, a jikinsa magina suka zuba zane da zanko da duk gwanintar da ta sa ake zuwa daga nesa kallon gine-ginen Damagaram. Tun 2006 Nijar ta sa tsohon garin, wato unguwar Birni da fadar Sarki, cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Tsohon garin Agadas, da aka gabatar a wannan shekarar, ya samu shiga a 2013. Ana yawan ɗora laifin lalacewar gidajen ƙasa a kan ruwan sama da rashin yaɓe, kuma haka ne. Amma zauren da ruwa ya ci ana iya yaɓe shi da rani, wanda aka rushe don mota kuwa da bulo da siminti ake maye gurbinsa. Unguwannin nan biyu suna da filaye a gefensu, wasu tsofaffin masaukan dabbobi ne, wasu kufan ganuwa ne. Fili ɗaya mai katanga da maigadi, wanda mai unguwa da magajin gari suka tsaya masa, zai ɗauki motocin lungu goma, kuma kuɗin da masu motocin ke biya yau a tasha da gidajen mai ya isa albashin maigadin.